Barcin Inna da Kwanon da Na Tsare

Wannan bayani ne a kan jinyar mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, a gidanmu da ke unguwar Jega Magaji. Na rubuta shi domin masu jinyar tsofaffin da ciwon ƙoda ya kama, ko Allah zai sa wani ya tsallake ramin da muka faɗa. Ni ba likita ba ce. Abin da na gani zan faɗa, da kuma abin da na zaci na gani, domin a wannan jinya biyun sun sha bamban.

Mu uku ne 'ya'yan Inna da suka rayu. Ni ce ta fari, sunana Rabi. Sanusi ke bi mini, manomin albasa ne, yana zaune a Aliero da iyalinsa. Sai Balki, auta, wadda ke aure a cikin Jega, unguwa ɗaya da Inna. Ni tun da aka yaye ni aka kai ni Maiyama wurin ƙanwar mahaifinmu, Goggo Kulu. Can na girma, daga can sai makaranta, daga makaranta sai aure da aikin rediyo a wata jiha. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kamar yadda matan zamaninta ba sa kiran sunan ɗan fari. Idan ya zama dole ta yi zancena, sai ta ce "ta Maiyama". Ban taɓa jin zafin haka ba. Haka na buɗe ido na gani.

Inna ta daɗe da hawan jini, tana shan magani in ta tuna. Bayan damina ƙafafunta suka fara kumbura, fuskarta ma takan tashi da safe. Amma ba kumburin ya tayar wa Balki da hankali ba. Ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, Inna hwa barci ɗai taka yi. Jiya tana tsinkar zogale barci yak kwashe ta da hwaihwai bisa cinya. Shekaranjiya ta yi sujada ba ta ɗago ba sai da nit taɓa ta. Matar da ko zazzaɓi bai kwantar da ita da rana."

Na ɗauki hutu na taho.

A makon farko muka kai ta asibiti. Mun isa da sanyin safiya, muka tarar mutane sun riga sun cika bencina, wasu sun shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya. Aka tura mu awon jini da na fitsari, aka ce mu dawo washegari, washegarin aka ce na'ura ta sami matsala, sai mu je waje mu yi. Wannan kai-komo da tsohuwa mai kumburin ƙafa ba zan yabe shi ba. Amma likitan da muka gani daga ƙarshe, matashi ne mai haƙuri, Allah ya saka masa da alheri. Bai yi mana gaggawa ba.

Ya ce ƙodar Inna ta gaji, kuma ba za ta koma yadda take ba. Aikin da ya rage shi ne a lallaɓa ta. Ya ambaci wani abu da ake aunawa a jini, kiriyatinin, ya ce shi ke nuna yawan dattin da ƙoda ta kasa tacewa. Kalmar ta zauna mini a ka. Game da barcin, ya ce abu uku ke iya kawo shi ga mai irin wannan ciwo: dattin da ya taru a jini, ko ƙarancin jinin kansa, ko kuma yunwa, idan mutum ba ya cin abin da zai riƙe shi. Ya ce a rage gishiri da dunƙule, a bar kanwa, a bar maganin ciwon jiki na kemis, a bar jiƙe-jiƙe. Nama da kifi a ba ta kaɗan, amma kada a hana.

Sannan ya faɗi maganar da duk jinyar ta rataya a kanta. Ya ce, "Idan barcin ya ci gaba da ƙaruwa, cin abinci yana raguwa, to mun zo gaɓar wankin ƙoda. Ina so mutum ɗaya ya sa ido a kan abin da take ci da yadda take barci, ya zo ya faɗa mini gaskiya."

Na ce, "Ni zan yi."

Inna ta ja mayafinta, muka shiga mota. Sai da muka iso gida ta kira Balki ɗaki, ni ina tsakar gida ina ji. Ta ce, "Ki hwaɗa musu, jinina bai hita cikin inji ya dawo. In kwana ya ƙare, ya ƙare nan ɗakin ga."

Balki ta daɗe tana ɗawainiya ita kaɗai, ga yara ga miji. Na ce ta koma gidanta ta huta, ta riƙa leƙowa da yamma. Ta ce, "To, Yaya." Na karɓi madafi, na karɓi ɗakin. Kullum zan dafa, in zuba a kwano, in kai, in jawo kujera 'yar tsugunne in zauna a gabanta. An ce in sa ido, ido kuwa na sa.

Abin da na gani shi ne, Inna takan amsa gaisuwata tana kallon gefe. In na buɗe kwano, sai ta ce, "A aje." In na ce, "Inna, likita ya ce ki ci da zafinsa," sai ta tsoma yatsa ta lasa, ta gyara kwanciya. Kafin tuwo ya huce ta rufe ido. Zan zauna har ya sandare, in kira ta a hankali, shiru. In ɗauke kwanon. Da rana haka, da yamma ma kusan haka, sai dai in Balki ta zo ina can ina wanka ko salla, takan ce mini Inna ta kurɓi kunu.

A mako na biyu masu dubiya suka buɗe ƙofa, kowa da tasa fatawar. Wata ta ce mai ciwon ƙoda ba ya cin wake. Wata ta ce ƙwai guba ne gare shi. Matar Sanusi ta ji a wani wuri cewa nono da fura ma an hana. Abin mamaki, duk wanda ya zo ragewa yake yi, ba mai ƙarawa, ni kuma tsoro ya hana ni musu. Duk abin da aka ambata sai in janye shi. Kafin mako ya ƙare abincin Inna ya koma tuwon dawa da miyar kuka lami, sai kunu tsararo.

Sanusi ne kaɗai ya zo da ƙari. Ya sauke buhun albasa daga bayan babur, ya ce, "Yaya, a yanka mata ɗanya. Albasag ga tamu ko ƙarhe ta wanke, bale ƙoda."

Balki ta ce, "Kai komi albasa. Ran da munka kai ka ɗori ma cewa kay yi a ɗaura maka albasa."

Ya ce, "Ai da an ɗaura da ban yi ɗingishi ba."

Goggo Kulu ta taso tun daga Maiyama da jarka cike da jiƙo baƙi ƙirin. Tsakaninta da Inna wasa ne na dangin miji, shekara da shekaru. Tun daga zaure take cewa, "Ina raguwar nan? An ce kin zama kyanwa, ci da barci."

Na ce, "Goggo, ai cin ne babu."

Ta ce, "To ciwon shawara ɗai ka damunta. Ku 'yan boko komi ku ce ƙoda. A ba ta wanga sahe da marece."

Na karɓi jarkar na ɓoye a bayan randa, na shiga madafi in haɗa wa Goggo abinci. Daga can na jiyo muryar Inna tangaram, tana cewa, "Ke da kinka zo dubiya hannu biyu da ruwan kwata?" Suka kwashe da dariya. Na yi sauri na ɗauko kwanon Inna, na ce yau ta farka, bari in yi amfani da damar. Ina shiga hirar ta yanke. Kafin in gama zuba miya idonta ya lumshe. Na ce a raina baƙuwa ta gajiyar da ita.

Dole in ambaci Malama Rifkatu, maƙwabciyarmu, malamar firamare ce da aiki ya kawo Jega, Kirista ce, mijinta kuma da wannan ciwon ya rasu. Ita ta koya mini in tafasa ganye in zubar da ruwan farko kafin in yi miya. Ran da ta leƙa tukunyata ta ga abin da nake dafawa, sai ta riƙe haɓa. Ta ce, "Anti Rabi, haka muka yi wa baban yara. Kowa ya ce a hana, muka hana, har ya koma kamar kara. Daga baya likita ya yi ta mana faɗa. Ki tsaya kan abin da likita ya hana kawai, sauran ki mayar." Na ji maganarta. Na mayar da ƙwai jefi-jefi, da ɗan kifi, na sa citta da tafarnuwa da albasar Sanusi don miya ta yi ƙamshi ko ba gishiri. Ni kaina da na ɗanɗana na san ta ciwu. Na kai, na zauna. Inna ta ce, "A aje." Ta yi barci.

A nan kaina ya fara ɗaurewa. In rashin daɗin abinci ne, ga shi na gyara. In ƙarancin jini ne, ga maganin da likita ya ba ta tana sha. Saura ɗaya ke nan, wanda ba ma so.

Da muka koma asibiti na ba likita rahoto yadda na iya, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce yawancin yini barci take yi, abinci kuwa ba za a kira shi ci ba. Ya duba sakamakon awo, ya dube ni, ya sake duba takardar. Ya ce, "Hajiya, labarinki ya fi takardar nan muni. Kiriyatinin ya hau, amma bai kai inda zai kwantar da mutum haka ba." Aka ɗora ta a ma'auni, ta rame ƙwarai. Ya ce jininta ya yi ƙasa, ya ƙara mata allura. Ya ce wani lokaci jiki kan riga takarda magana, saboda haka ba zai yi watsi da abin da na faɗa ba. Mu dawo bayan 'yan makonni. In ba canji, mu zo da shirin tafiya birni wankin ƙoda.

Sanusi bai jira ba. Ya buɗe rudu, wato rumbun da suke ajiye albasa har ta yi daraja, ya sayar tun lokaci bai yi ba, don haɗa kuɗin wankin. Duk manomin Aliero ya san abin da wannan ke nufi. Bai yi ƙorafi ba, cewa kawai ya yi, "In tahiya ta, a tahi. Zaman ga na rashin sani shi ka kashe ni." Balki kuwa ta tsaya kan maganar Inna. Ta ce ba za a ɗauki tsohuwa a kai ta inda ta ce ba ta so ba. Ni ina tsakiya, kuma na san rahotona ne ke tura motar.

Ana cikin haka aka aiko cewa Goggo Kulu ta zame a bakin rijiya ta bugu a ƙugu. Ita ta raine ni, ba yadda zan yi in ƙi zuwa. Na bar wa Balki ɗakin, na nuna mata abin da za ta dafa, na hau motar Maiyama. Kwana biyu na yi. Goggo ba ta karye ba, bakinta ma lafiya lau, don tambayar farko da ta yi mini ita ce ko jarkarta ta ƙare.

Da na dawo Balki ta tare ni a zaure fuska a sake. Ta ce, "Yaya, albishirinki. Inna ta ci tuwo malmala guda. Ta ci ƙwai. Jiya har tsakar gida tah hito tana hwaɗa wai an bar awaki sun cinye mata lalle."

Na ajiye jaka na shiga da murna. Inna na kwance, fuska ga bango, numfashi a hankali. Na yi sallama, ta amsa can ƙasa. Na kawo abincin rana na zauna. Ko "a aje" ban samu ba.

Na fito na dubi Balki. Ba zan ɓoye ba, zarginta na yi. Na ce, "Balki, in don kada a tafi wankin ƙoda kike shirya mini labari, ki ji tsoron Allah. Ran Inna ne."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wallahi Yaya ta ci. In rantse miki da mi?"

Na ce, "To ina cin ya tafi?"

Ta ɗauki mayafinta ta tafi gida.

Washegari da hantsi na dafa ɗan faten wake da kifi, na kai ɗaki. Har na jawo kujerar, sai na tuna maganinta na hawan jini ya ƙare. Na ce, "Inna, ga abinci nan, zan je kemis in dawo." Na fito, na sa takalmi, na kai zaure, sai na ga na bar jakata a kan turmi, daidai tagar ɗakinta. Na dawo ɗauka. A nan na ji ƙarar murfin kwano.

Na tsaya cak. Na ji cokali yana taɓa kwano, yana komawa, yana taɓawa, ba gaggawa, ba tsayawa. Na ji ta kurɓi ruwa. Na ji ta yi gyatsa ta ce alhamdu lillahi. Ina tsaye da jaka a hannu kamar ɓarauniya a gidan ubana. Ban shiga ba. Na tafi kemis ɗin, na zarce gidan Balki.

Na ce mata, "Inna ba ta ci a gabana."

Balki ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ba ta taɓa yi ba, Yaya. Ko da salla in kin zo, sai kin hita taka ci. Ke ba ki lura ba, don ba ki daɗewa."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Ni in ce miki ki hita ɗakin uwarki? Ke da kinka baro aikinki kinka zo? Kuma likita ya ce a sa ido. Kuma ni ma na ɗauka ciwo ya kore kunya. Da nig ga tana rama sai nir rasa wane na, ciwon ko ke."

Ni ma abin da na ɗauka ke nan, in ma na taɓa tunaninsa. Na san ba ta kiran sunana, na san ba ta haɗa ido da ni. Ban kawo cewa mace mai jin yunwa, wadda aka ce za a kai ta inda take tsoro in ba ta ci ba, za ta zaɓi rufe ido a kan ta tauna abinci ɗiyarta ta fari na kallo. Ba za ta iya cewa in fita ba, don wannan ma magana ce da ni. Barci ne kaɗai ƙofar da ta rage mata.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce mun gano bakin zaren. Amma a yammacin ranar, ina gidan Malama Rifkatu don in ba su wuri, Balki ta aiko a kira ni. Inna na zaune suna hira da ita, carbi a hannu, barci ya sace ta a tsakiyar magana, har la'asar ta wuce ana tashinta tana komawa. Ba ni a ɗakin, ba ni a gidan. Wannan na gaske ne. Ashe barcin iri biyu ne, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Duk makonnin nan ina haɗa su ina kai wa likita a matsayin abu guda.

Muka sake tsari. Ni ke dafawa, Balki ke kaiwa. In ba ta nan, in ajiye kwano in ce zan shiga maƙwabta, in tafi da gaske. Abin da ya rage a kwano shi ne labarina. Yawan barci kuwa Balki ke lura.

Ran komawa asibiti likita ya juyo gare ni ya ce, "Yaya barcin?" Na ce, "A tambayi ƙanwata." Muka yi masa bayani, Inna na zaune ta ja mayafi har goshi kamar ba da ita ake ba. Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce shi ma kakarsa haka take da babansa, amma bai taɓa kawo abin a ɗakin duba marasa lafiya ba. Nauyinta ya ɗan ƙaru. Jini ya ɗan hau. Kiriyatinin yana nan inda yake. Na tambaye shi, "To ƙarfin da ta samu, abincin ne ko allurar?" Ya ce, "Ban sani ba. Tare suka zo." Ya ce a ɗage maganar wanki, amma ɗagewa ce, ba sokewa ba.

Sanusi da ya ji, ya ce, "Wato albasata kunya tac ci ta." Sai kuma ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah shi sa iyakar hasarar ke nan."

Ga mai jinya irin tamu, abin da zan iya cewa kaɗan ne. A tsaya kan abin da likita ya hana, kada a bar masu dubiya su kwashe kwanon tsoho har ya zama ba komai, domin yunwa ma tana kwantar da mutum. Barcin rana ga mai ciwon ƙoda ba abin rainawa ba ne, a faɗa wa likita. Amma kafin a faɗa, a duba wa ke zaune a ɗakin lokacin da ake barcin. A gidajenmu akwai wanda tsoho ba ya ci a gabansa: ɗan fari, suruki, wani lokaci baƙo. Likita ba zai tambaya ba, tsohon kuma ba zai faɗa ba.

Hutuna ya ƙare na koma aiki, ina zuwa ƙarshen wata. Inna ta yi sanyin shekarar da ɗan dama. Tana fitowa rana, tana faɗa da awaki, tana aika Balki ta ce wa "mai girkin nan" kifi ya yi ƙaya. Barcin gaske yana zuwa yana tafiya. Wata rana ta yini garau, wata rana a yi ta fama. Ba mu taɓa gane abin da ke bambanta ranakun ba.

Da zafi ya shigo na zo kamar yadda na saba. Balki ta ce kwanan nan Inna na yawan ƙaiƙayi da tashin zuciya, abincin ma ya ragu. Ranar ta tafi suna a dangin mijinta. Da azahar na kai kwano, na ajiye, na ce zan shiga maƙwabta. Na juya ke nan na ji an ce, "Zauna."

Na zauna. Inna ta buɗe kwanon da kanta, ta gutsuri tuwo ta kai baki, ina kallo. Miya na zuba a zaninta, ba ta kula ba. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, "Rabi, miƙo min ruwa."

Na haura shekara hamsin ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Gaskiya ita ce daɗi na fara ji, na miƙa mata kofin. Daɗin bai daɗe ba. Na ce, "Inna, ina muke yanzu?"

Ta ce, "Birnin Malam mana. Iya ta tahi ɗebo ruwa, yanzu taka dawowa."

Birnin Malam garin haihuwarta ne. Iyar da take jira ta rasu tun kafin a haifi Sanusi.

Na kira Sanusi na ce ya taho da mota. Na aika a kira Balki daga wurin suna. Muka tsaya mu uku a tsakar gida, Inna na ciki ta koma barci da tuwo a hannu. Na ce lokacin da likita ya faɗa ya yi. Sanusi ya ce a tafi. Muka dubi Balki, don ita aka bar wa saƙon cewa jini ba zai fita ya dawo ba. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce, cikin sanyin nan Inna ta taɓa ce mata, "In ban san inda nike ba, ku kun sani." Har yau ban tabbatar ko Inna ta faɗi haka ba, ko Balki ce ta sauƙaƙa mana. Ban sake tambayarta ba.

Aka kwantar da ita a birni. Likitocin can suka ce dattin ya hau har ya taɓa tunaninta. Akwai layi a kan injin, mun jira, jiran da ba na fata ga kowa. Ma'aikatan ɗakin kuwa sun yi mana kirki iyakar iyawarsu. Aka yi wanki na farko, ba ta san an yi ba. Tana buɗe ido tana kirana, Rabi kaza, Rabi kaza, tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba. Ni ke ba ta kunu a baki, tana sha. Na amsa kowane kira.

Kashegarin wanki na biyu, da hantsi, ina zaune a gefen gado da kofin kunu, Balki ta fita wanke kwanuka. Inna ta buɗe ido. Ta dubi silin, ta dubi robar da ke maƙale a wuyanta, ta kai hannu ta taɓa. Ta daɗe tana kallon ɗakin. Sannan idonta ya sauka a kaina. Na ɗago cokali.

Ta lalubi mayafinta ta ja shi har goshi, ta juya fuska ga bango. Can ƙasa ta ce, ba da ni ba, da bangon, "Ina Balki?"

Na ajiye kofin a kan durowa. Na fita na sami Balki a bakin famfo, na ce ta bar kwanukan ta je, Inna ta dawo hayyacinta, kuma kunun yana hucewa. Ni na ƙarasa wanke-wanken.